Shawara Ba Ta Son Allura

Masu magana sun ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama inuwa ɗaya da Isufu na Tsamiyar Kura ba, da ya gyara maganarsa. Isufu manomi ne na gaske, ba ya caca, ba ya cin haƙƙin kowa, ciyawa ba ta kwana a gonarsa. Amma akwai suna guda da in ya ji shi, ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu. Sunan Sabiru ne, majon likitar Kanan-Bakashe, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin wurin. Laifin Sabiru ɗaya ne: shi ya fara neman Hindu tun tana budurwa, ya tafi karatu, Isufu ya aure ta. An yi shekaru da yin haka, Hindu ta haifa masa ƴa da ɗa, amma a zuciyar Isufu kamar jiya aka ɗaura auren.

Sau biyu yana sakin ta a kan wannan zance. Na farko don ta ce ta ji uwar Sabiru ta rasu, Allah ya jiƙanta, shi kuwa ya tsare ta da tambayar a ina ta ji. Na biyu don wani ya ce ya gan ta bakin hanya lokacin da moton likita ya wuce. Duka biyun dattawa suka mayar da ita ɗakinta. Igiya ɗaya ta rage, kuma ba wanda bai sani ba a garin. Shi kansa ya daina cin kasuwar Kanan-Bakashe da ke kusa, gara ya kora jakinsa har Mayahi ya dawo da tabon rana a ƙeya.

Damina ta yi kyau a shekarar, har ta yi yawa. Tabkin bayan gari ya cika ya shafe kwarin da mutane ke zagayawa ba-haya, ruwan ya malalo har bakin tsohuwar rijiya. Yara na wanka a ciki, awaki na sha, mata na ɗiba in layin famfo ya yi tsawo. Gero na fara ƙosawa aka fara ganin yara masu rawayan ido, nan ɗaya can biyu, har ƙauyukan Gidan Amumune. Wata safiya mai shelar maigari ya bi unguwa-unguwa yana kaɗa ƴar gangarsa.

"Jama'a, maigari na gaishe ku. Ya ce a hwaɗa maku an kawo allurar rigakahin ciwon hanta, wanga mai sa shawara, da ake ɗauka ga ruwa da abinci. Wata ƙungiya ce ta kawo, ba a biyan komi. Ba ta zuwa gari, sai cikin sanyin firigo take zama. Ran kasuwa kowa shi kai ɗiyanshi likitar Kanan-Bakashe."

Isufu yana majalisa gindin tsamiya lokacin da shelar ta wuce. Kusa da shi Muddassir ne, taubashinsa, ɗan goggonsa, ɗan kabu-kabu da kullum motonsa ke kan hanyar Kanan-Bakashe. Muddassir ya san inda ke yi wa Isufu ciwo, kuma nan yake son dannawa.

"Isufu, jiya na biyo ta likita," in ji shi, yana ƙyafta wa sauran ido. "Majo ya ce in gaishe ka. Ya ce ran kasuwa kada ka wahal da kanka, ka aiko uwar yara kawai, shi zai kula da su."

Majalisa ta ɗauki dariya. Wasan taubashi ba a fushi da shi, haka aka gada, don haka Isufu ma ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Ya ɗan ƙara zama don kada a ce maganar ce ta tashe shi, sannan ya karkaɗe riga ya nufi gida.

Ya tarar da Hindu tsakar gida tana wanki. Ta shanya ƴan kayan yara a kan dangar kara, kusa da su ga zanenta mai ruwan ganye, wanda sai biki ko suna take ɗaurawa. Idon Isufu bai ga kayan yaran ba, zanen kaɗai ya gani.

"Wankin mi kike yi haka?"

"Na ran kasuwa ne, Malam. Za mu kai yara allura da matan unguwa."

"Allura kike so ko mai allura?"

Hindu ta cire hannu daga ruwan sabulu. "Malam, yara ne ke kwantawa gari. In ba ka so in tahi, ka kai su da kanka. Ko ka bari wata ta tahi da su."

"In ɗauki ɗiyana da hannuna, in tsaya layi, in ce mishi ranka shi daɗe?"

"Ai mutumin da kake nuhi..."

"Tsaya nan." Ya ɗaga mata yatsa. "Saurara da kyau. Ranar da ƙahwarki ta taka likitar can, ko sunan mutumin nan ya hito bakinki, a bakin aurenki. Ɗiyana kau ba mai tsira masu allura. Mu da munka girma da ruwan tabki, mi ya same mu?"

Hindu ta dube shi, ta dubi yaran da ke wasa bakin turmi, ta haɗiye sauran maganarta. Ta san in igiyar nan ta tsinke ita ce za ta fita, yaran su zauna. Ta kwashe zanen daga danga tun bai bushe ba, ta kai ɗaki.

Babbar ƴarsu Surayya ce, ƴar shekara tara, siririya mai yawan tambaya. Ƴar fari ce, don haka uwa da uba ba sa faɗin sunanta saboda kunya, kamar yadda aka saba. Hindu ta kan ce "ke" ko "yarinyar ga". Isufu kuwa Tagona yake ce mata, don ita ke kai masa fura gona in ta taso lakwal, wato makarantar boko, ta zauna gindin gawo tana ba shi labarin abin da aka koya musu. Ba wanda zai ce Isufu ba ya son ƴarsa. Yana son ta ƙwarai, sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin son a cikinsa.

Ran kasuwa tun da hantsi amalanken jakuna suka jeru ƙofar maigari, cike da yara da uwayensu, ana hayaniya kamar za a kai amarya. Surayya ta tsaya bakin zaure riƙe da hannun ƙanenta Nura, tana kallo har amalanke na ƙarshe ya sha kwana. Da maraice ta kai wa ubanta buta, ta durƙusa gefe.

"Baba, ƙawata Kausar ta ce wata madam ce ta yi masu allurar. Ta ce ba zahi, kamar cizon tururuwa."

"Innarki ce ta ce ki zo ki hwaɗa mani haka?"

"A'a, Baba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ya yi alwala yana lissafi a ransa. To, ko da madam ce ke tsira allurar, ai ma'aikaciya ce kawai. Majo yana nan zaune ofishinsa, taga a buɗe, yana ƙare wa matan mutane kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya so, da ya tambayi duk wanda ya je, a ba shi amsa a tsaye. Bai tambaya ba. Mai kishi ba ya neman labarin da zai kwantar masa da hankali, wanda zai tayar masa yake bi.

Wata ya kama, aka shiga girbi. Wata rana Surayya ta kawo fura gona ta zauna shiru, ba labarin lakwal. Ya miƙa mata ludayi, ta kai baki ta kau da kai, ta ce warin nono na tayar mata da zuciya. Washegari ba ta zo ba. Ya koma gida ya same ta kwance a inuwar rumbu, jiki zafi, ta yi amai gefen tabarma.

"Masassarar kaka ce," in ji shi. "Kowace shekara sai ta zagayo."

Ya tare mai sayar da magani a keke, ya sayi farar ƙwaya ta zafin jiki da wasu masu ja da rawaya, ya ce a riƙa ba ta safe, rana da maraice. In zafin ya ƙi sauka a ƙara. Ya ji daɗin kansa a ranar, ya ga ai shi ma uba ne mai kula.

Zafin ya sauka, yarinya ba ta tashi ba. Ta daina cin komai, ko kunu sai an yi da gaske. Tana riƙe gefen cikinta na dama in za ta juya. Hindu ta kira shi bayan ɗaki ta nuna masa inda yarinyar ta yi fitsari, ƙasar ta yi duhu kamar an zubar da shayi. Sannan ta kawo ta cikin haske ta ɗaga mata fatar ido. Farin idon ya zama rawaya.

"Malam, shawara ce. Don Allah ka kai ta. Ni ba ni zuwa, na zauna gida, ka kulle ni ɗaki in kana so."

Isufu ya ji tsoro, gaskiya ya ji. Amma tare da tsoron sai wani hoto ya zo masa: Sabiru cikin farar riga, ya ɗora hannu a goshin Tagona, yarinya ta warke, labari ya zo gida. Daga ranar Hindu za ta riƙa tuna mutumin nan da godiya har ƙarshen ranta, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Mutumin da ya rasa ta a aure zai same ta ta wata ƙofa, kuma shi Isufu ne zai buɗe masa da hannunsa. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

"Ke ba ki da hankali?" ya ce. "Wa ya taɓa kai mai shawara likita? Shawara ba ta son allura, kowa ya sani. Suna tsira mata sai gawa. So kike a kashe ta?"

Maganar ba shi ya ƙirƙira ba, tsofaffi na faɗin ta tun kafin a haife shi. Bai taɓa damuwa da ita ba sai ranar, ya same ta daidai wuyansa ya saka. Ya shiga daji ya tono saiwar rawaya, ya karɓo wasu sassaƙe wurin wani tsoho, aka jiƙa a ƙwarya. Ruwan ya yi kauri da ɗaci. Hindu ta tallafe yarinyar, shi ya ɗura mata, tana sha tana amayarwa, ya sake ɗurawa. Bai daina ba ta ƙwayoyin mai keke ba, ya ce biyu sun fi ɗaya.

Kullum da hujjar ranar. Yau ya ce dammunan gero na zube a gona, in ya bar su tsuntsu da gara za su raba. Gobe ya ce jaki ya gaji. Jibi ya ce ɗan maƙwabcinsu ya yi shawarar nan ya warke ba likita, ga shi can yana koran awaki. Wannan kam gaskiya ne, yawancin yaran da ciwon ya kama sun yi ƴan kwanaki sun miƙe. Amma Surayya ba miƙewa take ba. Rawayar ta sauko daga ido zuwa tafin hannu, fatarta ta yi ƙaiƙayi har tana yage kanta, ta koma barci da rana tsaka, a tashe ta ta buɗe ido ta sake lumshewa. Hindu ta daina kwalliya, ta daina ko kitso, ta rame. Isufu ya lura da wannan ma, ya tambayi kansa ramar ta ƴa ce duka ko da ta wani a ciki.

Muddassir ya zo dubiya wata la'asar. Ya leƙa ɗaki ya ga yarinyar, ya fito ba dariya a fuskarsa. Ya ja Isufu zaure.

"Ɗan'uwa, ajiye wasa. Wallahi wancan zance na gaisuwa ƙarya nike. An ɗauke mutumin nan daga Kanan-Bakashe tun kahin azumi, an kai shi can gabas. Mace ce majo yanzu. Kawo yarinyar ga in ɗauke ku bisa moto, ko man esansi ba ka saye."

Isufu ya dube shi daga sama har ƙasa. Tun suna yara Muddassir bai taɓa gaya masa magana madaidaiciya ba, yau ne zai fara?

"Ita ta aiko ka?"

"Wa?"

"Ka san wa. Rannan kai ne ɗan aiken majo, yau kai ne ɗan aikenta. Da kyau. Hanya ta haɗu."

"Isufu, ka ji tsoron Allah. Ɗiyarka ce kwance."

"Ɗiyata ce, shi ya sa ba ruwanka. Gaida gida."

Muddassir ya tada motonsa ya tafi yana girgiza kai. Isufu ya koma ciki ya zauna yana kallon Hindu tana fifita wa yarinyar, yana neman alamar laifi a fuskarta. Bai samu ba, sai ya ce a ransa ta iya ɓoyewa ne.

Abin ya zo ƙarshe wata safiya. Isufu ya shiga ɗaki kafin ya tafi gona, ya durƙusa ya ce, "Tagona, ya jiki?" Yarinyar ta buɗe ido ta dube shi kamar baƙo. Ta fara wata magana marar kan gado, tana kiran malamin lakwal, tana cewa a rufe tabki. Jini na tsattsafowa daga dasashinta. Ya kama hannunta, ta fizge.

Hindu ta fita, ya ji motsi a turke. Da ya leƙo sai ya ga tana ɗaura wa jaki amalanke, aikin da bai taɓa sanin ta iya ba. Ta shimfiɗa tabarma a kai, ta shigo ta sungumi yarinyar, ta ɗora Nura gefe. Zanen aikin gida ne a jikinta, mai tabon toka.

Ya tsaya bakin zaure. "Kin tuna abin da na ce?"

"Na tuna, Malam. Matsa in wuce."

Ya matsa. Har yau bai san dalilin da ya sa ya matsa ba. Amalanken ya bi ta gaban majalisa da hantsi, mace na kora jaki, maza suka bi su da ido. Isufu ya bi bayansu a ƙafa. Zai so a ce tsoron halin ƴarsa kaɗai ya ja shi, amma ba za a yi masa ƙarya ba: rabin zuciyarsa na kan yarinyar, rabi na son ya ga da idonsa irin kallon da Hindu da Sabiru za su yi wa juna.

Likitar ƴar ƙarama ce, ɗakuna kaɗan da itacen bedi a tsakar fili. Hindu ta sauka ta taka dandamalin ba tare da ta waiwayo ba. Wata mace mai farar riga da tabarau ta fito da sauri, ta karɓi yarinyar, ta kwantar da ita a gado. Ta duba ido, ta danna ciki, ta kira ta ba amsa.

"Yaya sunanta?"

Hindu ta buɗe baki, ta yi jim. "Surayya," ta ce. Isufu bai taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

"Tun yaushe take haka? Mi anka ba ta?"

Isufu ya zaro ragowar ƙwayoyin daga aljihu, ya ambaci jiƙon. Matar ta juya su a tafin hannunta, ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, epatit A ce, ciwon hantar da munka yi rigakahinshi watan jiya. Yawancin yara suna warkewa da hutu da ruwa mai tsabta. Amma hanta mai ciwo ba a ɗora mata kaya, ga shi an haɗa mata ƙwaya da jiƙo, ta gaji. Zan sa mata ƙarin ruwa, in kira ambilans daga Mayahi. Abin ya hi ƙarhin nan." Ta dube shi ta saman tabarau. "An kawo ta rigakahi?"

Idon Isufu na kan wata ƙofa da ke rufe a ƙarshen baranda.

"Ina majo?" ya ce.

"Ni ce majo. Sunana A'ishatu."

"Sabiru hwa?"

"Wanda na canza? Ai ya daɗe da tahiya, tun kahin azumi. Ka san shi ne?"

Ta juya ga aikinta ba ta jira amsa ba. Isufu ya fita ya tura ƙofar nan da yake kallo. Kwalaye ne a ciki, da tsintsiya, da firigo yana ƙugi a kusurwa.

Majo A'ishatu ta sa ruwan, ta yi waya, sannan ta dubi Nura da ke maƙale da zanen uwarsa. Ta ce tunda bai nuna alama ba, kuma akwai sauran allurar, gara a yi masa yanzu. Hindu ba ta nemi izinin kowa ba, ta naɗe masa hannun riga. Isufu yana tsaye yana kallo. Allurar ƴar mitsitsiya ce, kafin yaron ya gama ɓata fuska an cire. Abin da aka yi ta rantsuwa a kansa ke nan.

Surayya ba ta jira motar ba. Bayan azahar numfashinta ya canza, ya yi nisa, ya tsaya. Hindu ta kifa kai a kan gadon tana kiran sunan a hankali, tana maimaitawa, kamar mai biyan abin da kunya ta hana ta shekara da shekaru. Majo ta zare ruwan daga hannun yarinyar, ta ja mayafi ta rufe ta.

Suka ɗora ta a amalanke gindin bedi. Isufu yana gyara igiyar jaki. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kin san ba shi nan?"

"Na sani tun watan da ya tahi. Duk matan rijiya sun sani."

"Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

"Na buɗe baki ka rantse. Ɗiyarka ta hwaɗa maka, ka ce ni na koya mata. Taubashinka ya hwaɗa maka, ka ce ni na aiko shi. Ni in na hwaɗa, mi za ka ce?"

Ya san abin da zai ce. Abin kunyar shi ne, ko a lokacin, gawar ƴarsa na kwance tsakaninsu, tambayar ta taso masa har maƙogwaro: wa ya fara kawo labarin bakin rijiya, kuma me ya sa ita ta riƙe har watan da ya tafi? Hindu ta gan ta a fuskarsa, ta daɗe da sanin wannan fuskar.

"Tambaya, Malam," ta ce. "Yanzu ba aurenka gare ni ba, ina iya ba ka amsa."

Aka binne Surayya kafin faɗuwar rana. Washegari aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, masu gaisuwa suka riƙa zuwa daga ƙauyuka. Kowa ya zauna sai ya tambayi yadda abin ya faru, kuma kafin Isufu ya buɗe baki akwai mai amsawa.

"Shawara ce. Uwar ta ɗauke ta ta kai likita, anka tsira mata allura, ko la'asar ba ta kai ba."

"Ash. Ai an sha hwaɗi, shawara ba ta son allura. Shi uban ya hana, ya san abin da yake gudu. Mata ba su jin magana."

"Allah shi ba ka haƙuri, Isufu. Kai kam ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Muddassir yana zaune ƙarshen tabarma, ya kafe shi da ido yana jira. Magana ɗaya ta isa. Isufu zai iya cewa ba allura ce ta kashe ta ba, rashin ta ne, kuma shi ya hana, kuma ba don tsoron shawara ya hana ba. Amma in ya faɗi haka sai ya faɗi dalilin, a gaban mutanen da suka sha yi masa dariya gindin tsamiya. Ya sunkuyar da kai ya ja carbinsa.

"Haka Allah ya so," ya ce.

Bayan sadakar uku Hindu ta ɗaure kayanta. Dattawa suka zo da shawarwari, wani ya ce rantsuwar fushi ce, a nemi malami ya duba. Ta ce ita ta taka likitar da ƙafarta, shi ya rantse da bakinsa, ba abin da malami zai duba. Ta tafi garinsu ita kaɗai, Nura na kuka a hannun goggonsa. A bakin rijiya kuwa labari ya zauna yadda aka faɗe shi wurin makoki: Hindu ce ta kai ƴarta aka kashe da allura, ta kashe aurenta a kan taurin kai.

Da rani ya yi nisa mai shela ya sake zagayowa da gangarsa, ya ce a mayar da yara Kanan-Bakashe a yi musu allura ta biyu, wadda ke sa rigakafin ya daɗe a jiki. Ran kasuwa amalanken da suka jeru ƙofar maigari ba su kai rabin na farko ba. Uwaye da yawa sun riƙe ƴaƴansu a gida, suna cewa su ba za a yi musu irin ta ɗiyar Isufu ba. Shi kuwa yana zaune bakin zaurensa yana tufka igiya, Nura na wasa da ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya bi amalanken da ido har suka sha kwana, bai ce wa kowa komai ba.